Libarbar Kwaikwayo: Ƙira, Gogi da Inganci

Libarbar kwaikwayo bindigar hannu ce da ake ƙerawa a yau bisa kamannin tsofaffin libarba na ƙarni na 19, masu ganga mai juyawa da ke cin harsashi shida. Waɗanda aka fi kwaikwaya su ne Colt Navy ta 1851, da Remington ta 1858, da Colt Single Action Army ta 1873, dukkansu ƙirar Amurka, sai Webley ta sojan Ingila da aka fara amfani da ita a 1887. Irin Webley ce makamin hannun hafsoshin Turawa a zamanin da suka ci Kano a 1903, shi ya sa ta fi sauran kusanci da tarihinmu.

Kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai mai harbi, wadda kamfanonin Italiya irin su Uberti, da aka kafa a 1959 a Gardone Val Trompia, da Pietta suke yi da ƙarfen gaske. Kasuwarta ta buɗe ne lokacin da Amurka ke cika shekara ɗari da yaƙin basasarta na 1861 zuwa 1865. Akwai kuma ta ado, wadda ba ta tashi ko kaɗan, irin ta kamfanin Denix na Sifen. Ita zubi ake yi da garwayen tutiya da alminiyam da ake kira zamak, bakinta a toshe, amma ganga na juyawa, kunama na motsi. Ita ce mai sauƙin kuɗi, ita ce kuma ta dace da masu shirya fim da masu tara kayan tarihi.

A Najeriya wannan bambanci ya wuce maganar ado. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma tsufan ƙira ba ya fitar da mai harbi daga wannan hukunci. Ko ta ado ba abin yawo da ita ba ce a titi, don daga nesa ba mai iya rarrabewa.

Sau da yawa mai saye sheƙi ke ɗaukar masa ido, alhali sheƙi ne abu mafi arha a jikin bindiga. Aikin gaske a mahaɗa yake. A duba inda katakon ƙota ya haɗu da ƙarfe: in aka shafa da yatsa aka ji tudu, ko aka ga tazarar da farce zai shiga, an yi gaggawa. A duba bayan bututun da kewayen kunama, nan ne layin zubi ke fitowa siriri idan ba a goge shi ba. Sukurori ma suna tona asiri, domin na mai araha kansu laushi gare shi, kwancewa ɗaya ya lauye. Colt Navy ta asali bututunta kusurwa takwas ne, tsawonsa inci 7.5, kuma kusurwoyin a tsaye suke. A kwaikwayo marar kyau injin gogi ya cinye su har sun yi sulɓi. A jikin gangar Colt Navy akwai zanen yaƙin jiragen ruwa na Campeche, a gaɓar tekun Meziko, na 1843. A mai kyau ana ganin jiragen ɗaya bayan ɗaya, a ta banza kuwa sun dagule.

Launi shi ma abin lura ne. Baƙin-shuɗin da ke jikin ta asali ba fenti ba ne, fuskar ƙarfen ce aka sauya da zafi ko sinadari don rage tsatsa. Zamak ba ya karɓar irin wannan aiki, sai a lulluɓe shi da rufi, wanda ke fara ɓarewa a bakin bututu da gefen ganga. Wasu masu harbin kuma ana yi musu jiki da farar tagulla don rage farashi. Suna da kyan gani, amma tagulla na saki idan aka yawaita cika albarushi. Wannan ba sabon labari ba ne ga wanda ya san aikin maƙeran Kano ko ya saba taya kayan tagulla a Kasuwar Kurmi: a hannu ake gane zubi mai kyau, ta nauyi da santsin gefe.

Yanayin Kano na gwada kayan nan sosai. Hunturu na busar da katako har ƙota ta tsage ko ta yi lako-lako, damina kuma ta kawo tsatsa ga sukurori. Ana shafa mai kaɗan da tsumma mai laushi, ba a gogewa da yashi ko soson ƙarfe. Kube na fata da dukawa ke ɗinkawa yana ƙara mata kwarjini, sai dai fata na riƙe danshi, don haka ba a ajiye ta a ciki wata da watanni.

Babbar matsalar ita ce masu tsufar da sabuwa da gangan, su kankare sunan kamfani, su sayar a matsayin gadon zamanin Turawa. Masu harbi na Italiya suna ɗauke da hatimin gidan gwajin makamai na Gardone, na ado kuma da sunan kamfani. Inda aka ga wurin rubutu ya fi kewayensa santsi ko ya ɗan lotsa, an bi ta kai da zarto ne.