Haɗin Gwiwar Bincike Tsakanin Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri

Haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt, a ƙasar Jamus, da Jami'ar Maiduguri shiri ne na bincike da ya gudana daga 1988 zuwa 2002, kuma hukumar tallafa wa bincike ta Jamus, wato DFG, ce ta ɗauki nauyinsa. Jami'ar Wagadugu ta Burkina Faso ita ma tana cikin shirin. Manufarsa ita ce nazarin yadda al'adu da harsuna suka bunƙasa a yankin sabana na Afirka ta Yamma, wato yankin ciyayi mai bishiyoyi jefi-jefi, don haka aka tara masana tarihin tone-tone da na harsuna da na labarin ƙasa da na tsirrai a kan aiki guda.

Abin da ya fi fito da sunan shirin shi ne kwale-kwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a wajen ƙauyen Dufuna, kusa da Kogin Komadugu Gana, a yankin Fune na Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. A 1994 Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da abokan aikinsa na Maiduguri suka tono shi daga zurfin kusan mita 5, aka tarar da kwale-kwale ne mai tsawon mita 8.4, wanda aka sassaƙa daga itace guda. Gwajin da aka yi a Jamus ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 8,000, abin da ya sa ya zama jirgin ruwa mafi daɗewa da aka gano a Afirka. A yankin Gajiganna da ke Jihar Borno kuma an gano matsugunan mutanen da suka zauna can tun wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa.

Sai dai irin wannan hulɗa ba ta rasa rinjaye, domin kuɗi da ɗakunan gwaji suna hannun ɓangare ɗaya. Wannan ya fito fili a binciken al'adun Nok, tsohuwar al'ummar tsakiyar Najeriya da ta shahara da mutum-mutumin yumɓu, wanda masanan Frankfurt suka fara a 2005, inda wasu masanan Najeriya suka soki fitar da mutum-mutumin yumɓu zuwa Jamus. An baje kolinsu a Frankfurt a 2013, daga baya aka dawo da su Najeriya.