Intabiyun Shiga Makarantar Likitanci: Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Duk shekara da zarar makarantu sun fara kiran intabiyu, sai wayata ta cika da saƙonni, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Na daɗe ina zama da ɗalibai muna gwaji kafin ranar. Ga amsoshin nan na tara wuri ɗaya. Duk wanda ya sake aiko mini da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, wane kaya zan saka?

Mai tsabta, a goge, wanda ba za ka riƙa jan sa kana gyarawa ba yayin da ake maka magana. Shi ke nan.

Makina ya yi kyau sosai. Me ya sa kuma sai an yi mini intabiyu?

Duk wanda za ka tarar zaune a layi shi ma makinsa ya yi kyau. Takarda ta riga ta gaya musu kana da ƙwaƙwalwa. Abin da ya rage su gani da idonsu shi ne ko za a iya barin ka a ɗaki ɗaya da mutumin da ke cikin tsoro da ciwo.

Idan aka ce me ya sa nake son zama likita, me zan ce?

Ni zan gaya maka dalilinka? Haba. Idan sai an rubuta maka wannan, to akwai sauran tunani a gabanka tun kafin intabiyu.

Abin da zan ce kawai, ku daina zuwa da "ina son taimakon mutane" kuna ajiyewa kamar kun gama. Nas tana taimakon mutane, malamin makaranta ma haka, ɗan kwana-kwana ma haka, kuma tambayar da za ta biyo baya ke nan: to me ya hana ka zama nas? Sannan ku daina hadda. Wata yarinya ta zo gwaji wurina da amsa a haddace, tana zubo ta idonta na kallon silin. Na katse ta a tsakiya da ƙaramar tambaya, sai ta yi shiru, ta koma farko ta sake ɗaukowa. Na ce ta rufe littafin ta ba ni labarin ranar da ta fara tunanin wannan aiki. Sai ta ce lokacin da take jinyar kakarta ne, wani likita ya jawo kujera ya zauna, ya juya bayan takarda ya zana ƙoda da biro, ya yi ta bayani har tsohuwar ta daina rawar hannu ta yarda a yi mata wankin ƙoda. Muryar yarinyar ma ta canza da take faɗa. Wannan amsar tana cikinta tun farko, ta binne ta ƙarƙashin abin da ta kwafo a intanet.

Mene ne MMI?

Ƙananan intabiyu ne a jere. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta fara gwada tsarin a 2002, daga nan ya bazu zuwa makarantu da yawa a Birtaniya, Amurka da Ostareliya. Maimakon ka zauna gaban kwamiti ɗaya, sai ka zagaya tashoshi, yawanci shida zuwa goma, kowace minti biyar zuwa goma, kowace da mai ba da makinta daban. Za ka karanta abin da ake so a bakin ƙofa, a kaɗa ƙararrawa, ka shiga. A wata tashar matsala ce ta ɗa'ar aiki, a wata kuma ɗan wasa ne zai fito a matsayin maƙwabcin da ka buge wa mota, ko abokin da za ka gaya wa mummunan labari.

Hikimar tsarin ita ce kada ra'ayin mutum ɗaya ya yanke maka hukunci. Saboda haka idan ka kwafsa a tasha ta uku, ka bar ta a can. Wanda ke tasha ta huɗu bai san abin da ya faru ba sai idan ya karanta a fuskarka. Je ka duba shafin makarantar da ta kira ka, za su faɗi irin tsarin da suke bi. Kada ka tambaye ni wannan.

Ban taɓa yin aiki a asibiti ba. In ɗan ƙara gishiri?

A'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma waɗanda ke gabanka sun shekara da shekaru a asibiti, tambaya biyu za su yi maka su gano. Ka faɗi abin da ka yi da gaske, ko jinyar ɗan uwa ce, ko koyar da yara, da abin da ka koya a ciki.

Idan suka tambaye ni abin da ya ci karo da addinina, kamar zubar da ciki ko taimaka wa mara lafiya ya mutu, in faɗi gaskiyar ra'ayina ko in faɗi abin da suke so su ji?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da dama, don haka ka karanta a hankali.

Da farko, ka saurari abin da aka tambaya. Sau da yawa ba a ce "mene ne ra'ayinka" ba, cewa aka yi "tattauna", ko "me za ka yi idan mace ta zo maka da wannan buƙata". Ɗalibai da yawa da sun ji kalmar sai jikinsu ya ɗauki rawa su fara kare imaninsu, alhali ba wanda ya taɓa shi. Idan tattaunawa aka nema, ka shimfiɗa hujjar kowane ɓangare yadda mai wannan ra'ayin zai ji ya ce e, haka nake nufi. Akwai ginshiƙai huɗu na ɗa'ar aikin likita da wasu masana biyu, Beauchamp da Childress, suka tsara a littafinsu na 1979, waɗanda kusan kowace makarantar likitanci ke koyarwa: mutunta zaɓin mara lafiya, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da adalci. Ka san su, amma kada ka jero su kamar karatun allo. Amfaninsu yana fitowa ne a inda biyu suka yi karo. Misalin da aka fi kawowa shi ne baligi mai cikakken hankali, mabiyin Shaidun Jehobah, waɗanda imaninsu ya hana ƙarin jini, da ya ƙi ƙarin jini ko da zai mutu. A Ingila da Amurka da Kanada doka tana tare da shi, likita ba zai ɗaura masa jini da ƙarfi ba. Idan kuma ƙaramin yaro ne iyayensa suka ƙi, asibiti na iya zuwa kotu ta ba da izini. Ka ga abu ɗaya ne, amma shekaru da hankalin mai yanke shawara sun juya amsar.

Idan kuma aka tsare ka aka ce kai fa, me ka gani? A nawa ganin, kada ka yi ƙarya. Mutumin da ya fara wannan aiki da ɓoye abin da ke ransa don a ɗauke shi, ban san inda zai tsaya ba. Sannan aikin kansa ya san da irinka. Dokar zubar da ciki ta Birtaniya ta 1967 ta ba ma'aikacin lafiya damar ƙin sa hannu saboda imaninsa, sai dai idan ran matar na cikin haɗari ko za ta samu mummunar illa ta dindindin. Amma damar tana da sharaɗi, kuma a nan ne ake faɗuwa: ba za ka yi mata wa'azi ba, ba za ka wulaƙanta ta ba, ba za ka ɓoye mata cewa tana iya ganin wani likita ba. Don haka idan ka ce kai da hannunka ba za ka yi ba, dole jimla ta gaba ta zama game da ita: yadda za ka saurare ta, ka tsare sirrinta, ka tabbata ba ka bar ta a tsakiyar hanya ba. Alkawarin Jeneba, wato rantsuwar aikin likita da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta kafa a 1948, ya ce kada aƙida ko ƙabila ko matsayi su shiga tsakanin likita da haƙƙin mara lafiyarsa, kuma gyaran 2017 ya ƙara mutunta zaɓin mara lafiya ƙarara.

Sai dai ka lura, doka tana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Holan da Beljiyam sun halatta wa likita ya kawo ƙarshen ran mara lafiya bisa sharuɗɗa tun 2002, Kanada ta bi a 2016, a ƙasashe da yawa kuwa babban laifi ne. Ka san dokar ƙasar da makarantar take kafin ka buɗe baki. Kuma ba zan yi maka alkawarin cewa kowane mai ba da maki zai ji daɗin amsarka ba, mutane ne, wani zai iya rage maka. Wani lokacin ma zai yi ta matsa maka da gangan, ya ce idan 'yarka ce fa, don ya ga ko za ka fusata ko za ka sauya magana nan take. Idan ya kawo hujjar da ta fi taka, ka ce ta sa ka sake tunani, wannan ba rauni ba ne. Idan bai kawo ba, ka tsaya inda kake cikin ladabi. Abin da na fi gani yana kayar da ɗalibi shi ne ya yi minti shida yana magana a kan kansa da imaninsa, bai ambaci mara lafiyar ko sau ɗaya ba.

Idan ban san amsa ba fa?

Ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Kwantar da hankalinka, ba su sa ran ka san magani tun yanzu, koyo ka zo nema. Likitan da ke kame-kame don kada a ce bai sani ba shi ne suke gudu. Yin shiru na ɗan lokaci kana tunani ma ba laifi ba ne.

Sai na bi labaran lafiya?

Ƙwarai. Kana neman aikin da za ka yi har tsufa amma ba ka san abin da ke damun masu yin sa ba? Idan Birtaniya ka nufa, karanta shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba. Yaro ɗan shekara 6 ya rasu a asibitin da take aiki a Leicester a 2011, a ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci kuma na'urar fitar da sakamakon gwaji ta samu matsala. Kotu ta same ta da laifin kisa ba da gangan ba ta hanyar mummunan sakaci a 2015, aka soke sunanta daga rajistar likitoci a Janairun 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi a Agustan shekarar. Ka yi tunani a kan inda kuskuren mutum ya tsaya da inda na tsarin asibiti ya fara, kuma kada ka manta akwai iyayen da suka rasa ɗa.

Ta intanet za a yi nawa. Akwai bambanci?

Kalli kyamara, haske ya kasance a gabanka, gwada sauti tun jajibiri. Kada ka manna takardu a bango kana leƙe, ana ganin idonka.

Intabiyun jibi ne, yanzu zan fara shiri. Me zan yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda an riga an makara: sake karanta duk abin da ka rubuta a takardar neman shiga, domin daga nan za su ɗauko tambaya. Nemi wanda ba ya jin kunyarka ya yi maka gwaji da agogo, ka ɗauki kanka a waya ka kalla. Sannan ka yi barci.

In ban samu ba?

Za ka ji zafi, kuma ba kai ne na farko ba, likitoci da yawa sai a karo na biyu aka ɗauke su. Tun ranar da ka fito, zauna ka rubuta wa kanka inda ka ji ka yi tuntuɓe, kafin ka manta. Kada ka yaɗa tambayoyin, makarantu da yawa suna sa a sa hannu kan riƙe sirrinsu. Idan sakamako ya fito, rubuta musu ka tambaya ko suna ba da bayanin inda ka gaza, ka kawo mini mu duba tare.