Jan gicciyen Red Cross ba alamar addini ba ne

Har yanzu a Bauchi akwai iyayen da ke hana 'ya'yansu shiga aikin sa kai na Red Cross, wai ƙungiyar Kirista ce, saboda jan gicciyen da ke jikin rigar. Wannan kuskure ya daɗe, kuma yana damuna.

Alamar tutar ƙasar Suwizalan ce aka juya launinta: tutar farin gicciye ce a kan ja, alamar kuwa ja a kan fari. A Jeniba aka amince da ita a 1864, domin sojoji su gane masu ɗaukar raunanannu kada su harbe su. Daular Usmaniyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a madadin gicciyen a 1876, gab da yaƙinta da Rasha, aka amince da shi a 1929. Masu gicciyen da masu jinjirin watan tafiya ɗaya ce, shi ya sa Saudiyya da Masar ke amfani da jinjirin watan.

Red Cross ta Najeriya dokar majalisa ce ta kafa ta a 1960, kuma ƙa'idarta ta hana duba addini ko ƙabilar wanda za a taimaka. Idan ruwa ya ci gidaje a Zaki ko Gamawa, Musulmi da Kirista ne ke sanye da rigar, suna kwashe tsofaffi da yara, suna rabon tabarmi da gidan sauro.