Meye "tausaya wa kai", kuma me ya sa maza ke gudun sa?

Tun lokacin korona ake ta jin likitocin ƙwaƙwalwa suna cewa mutum ya riƙa tausaya wa kansa, maza da yawa kuwa da sun ji sai su ce wannan ai zancen 'yan hutu ne, waɗanda babu cefane a wuyansu. Toh ba haka abin yake ba.

Abin da ake nufi shi ne irin maganar da kake yi wa kanka a zuci idan al'amura suka cakuɗe maka. Wata malama a jami'ar Texas ta Amurka, Kristin Neff, ita ce ta tsara abin a 2003 yadda masu bincike za su iya auna shi, kuma a wajenta kamar murhu yake, duwatsu uku ne ke riƙe da shi: ka sassauta wa kanka maimakon zagi, ka tuna ba kai kaɗai ne a cikin wahalar ba, sannan ka yarda cewa eh abin na ci maka rai, ba tare da ka danne shi ba, ba kuma tare da ka bari ya haɗiye ka ba.

Ku tuna Kano a Afrilun 2020. An sa dokar kulle, kasuwannin Kwari da Sabon Gari a rufe, azumi ya shigo, ga labarin mace-mace kullum a unguwa. Ɗauki mai Adaidaita wanda sai ya fita ake ɗora tukunya, mashin na jingine a soro, mai shi na jiran balas, yara na tambayar me za a sha ruwa da shi, shi kuma ƙarfe biyun dare idonsa biyu yana kallon rufi yana ce wa kansa kai dai ba ka cika namiji ba, sa'o'inka duk sun yi tanadi kai ka zauna. Wallahi da abokinsa ne ya zo masa da wannan kukan ba zai taɓa faɗa masa haka ba, cewa zai yi haba malam, gari ne gaba ɗaya a kulle, laifinka ne? Tausaya wa kai shi ne ya iya faɗa wa kansa abin da zai faɗa wa abokin nan. Shikenan.

Kuma ba lalaci ba ne. Wanda ya kwana yana zagin kansa da safe kunya ce ke hana shi zuwa wajen yayansa ya ce a ranta masa kwano biyu na shinkafa, sai ya sauke fushin a kan uwargida da yara. Wanda ya ce jarrabawa ce ta same mu duka, shi ne ke iya buɗe baki ya nemi taimako. Ni a ganina a nan ne tarbiyyar "kai fa namiji ne, daure" take cutar da mu, don dauriya daban, shiru har hawan jini ya kama ka daban. Addini ma bai ce ka gallaza wa kanka ba, ƙarshen Baƙara ya ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta korona ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma alƙalumanta na 2019 sun nuna mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu.

Amma fa tausaya wa kai ba ya maye gurbin likita. In ka yi sati biyu ko fiye ba barci, abinci ba ya shiga, abin da ka saba jin daɗinsa duk ya fita ranka, ko ka fara jin gara ma ka mutu, wannan ya wuce hira a majalisa, a je asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma ba sai wanda ya tuɓe riga a titi ake kai wa can ba.