Mai shagon taki, ka san wanda kake ɗora wa buhu?

Mu malaman gona yawancin maganarmu da manomi ce. Yau kuwa da masu shagunan takin zamani da maganin feshi nake, musamman yaran shago, domin su ne a bakin ƙofa idan Alhaji ya tafi sallah ko ya tafi sarin kaya.

Takin da ke raya masara, wasu irinsa idan suka faɗa hannun mugu ana juya su su zama bam. Ranar 19 ga Afrilun 1995 aka tarwatsa wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma na Amurka, mutum 168 suka mutu, 19 daga cikinsu yara ne. Takin da aka yi aikin da shi a shagon kayan gona aka saye shi a jihar Kansas, da sunan ƙarya. A ƙasar Nowe kuma, wanda ya kai harin bam a 2011 sai da ya yi hayar gona don ya sayi taki ba tare da an ɗaga masa gira ba. Amma a Ingila a 2004 ma'aikatan wani wurin ajiyar kaya a Landan sun lura da taki kilo 600, wato kamar buhu 12 na wajenmu, an jibge ba a ɗauka, suka sanar da 'yan sanda. A 2007 aka yanke wa mutum biyar da ke da hannu a lamarin ɗaurin rai da rai. Ma'aikatan nan ba wani horon soja gare su ba, abin ne kawai bai kwanta musu a rai ba.

Mu nan ba sai an ba mu labarin bam ba. Mutanen Kano ba su manta da hare-haren 20 ga Janairun 2012 ba, balle harin babban masallacin Juma'a a Nuwamban 2014. Tsoron irin wannan ne ya sa jami'an tsaro suka taƙaita shigar da takin yuriya Borno da Yobe da Adamawa, kuma manoman da ba su ji ba ba su gani ba su ne suka sha wahalar.

Ku masu shago kuna da abin da jami'in tsaro ba shi da shi, kun san yadda manomi yake sayen taki. Yana tayawa, yana kukan tsada, yana lalube buhu ya ji ko ya daskare, ya tambayi kamfa nawa yuriya nawa, ƙarshe ma ya nemi a bi shi ragowar kuɗi zuwa kaka. To ga mutum ya zo bai taya ba, ya zaro kuɗi, iri ɗaya tak yake so, ka nuna masa wani da zai yi wa gona aiki iri ɗaya ya ƙi. Ja shi da hira irin ta kasuwa: “Malam, me aka shuka bana? A wane gari gonar take? Zubin farko ne ko na biyu?” Manomi sai ka gaji da amsarsa. Wanda ba noma ya kawo shi ba zai hau kame-kame, ko ya fusata, ko ya ce eka ɗaya gare shi alhali buhun da yake nema ya ishi eka goma. Ka ƙara lura idan ya ƙi karɓar rasit, ya ƙi ba da lambar waya, ya ce a sauke masa kaya a tasha ko a wani kango, ko kuma yara dabam-dabam suna ta zuwa sayen tiya-tiya kuma duk wuri ɗaya suke kaiwa.

Alama ɗaya ba hujja ba ce. Akwai ɗan aike da bai san komai game da gona ba, akwai mai noman rani da ke sayen taki a Disamba, akwai mai sari ya kai ƙauye. Kuma kada a auna mutum da yarensa ko gemunsa ko suturarsa, wannan zalunci ne, kuma mugun ma ya fi kowa iya shiga irin ta gari. Cinikin ake dubawa, ko ya yi kama da na noma.

Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka tsare shi, kada ka yi ihu a tara jama'a, kada ka bi bayansa. Ka ce kayan sun ƙare, ko sai maigida ya dawo. Da ya juya ka rubuta kamanninsa da abin da ya nema da lambar mota ko babur, ka gaya wa maigida, a kai wa 'yan sanda ko jami'an farin kaya, ko a kira 112. Na san da yawa tsoron shiga uku suke, kada daga kai rahoto a mayar da su masu laifi. Wannan tsoro yana da dalili, shi ya sa ya fi kyau a bi ta hannun shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ko mai unguwa, a kuma nemi a sakaya suna.

Masu sayar da sinadaran haɗa sabulu da rini da kayan gyaran gashi, ku ma da ku. A 2009 an kama wani a jihar Kolorado ta Amurka da ya shirya kai hari a jiragen ƙasa na birnin New York, kuma a shagunan kayan kwalliya ya yi ta sayen sinadaransa da yawan da ya wuce na mai aski ko mai kitso.

Dokar ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa dillalan taki yin rajista, wanda bai yi ba ya yi. Ku ajiye littafi na masu sayen buhu da yawa, suna da gari da lambar waya. Ku riƙa ƙirga kayan sito duk mako, kuma idan buhu ya ɓace a kai rahoto a ranar, ko da guda biyu ne.