Gwajin gayya: yadda kwamfutocin mutane ke gwada modul ɗin wanda ba su sani ba

Shekaran jiya da daddare muna ƙofar gida a Gwammaja ana shan iska don ɗaki ba ya shiguwa, ƙanina da ya fara koyon rubuta kod ya leƙo laftof ɗina ya ga wani teburi mai ƙananan akwatuna, yawancinsu kore, tsilli-tsilli ja, sai ya ce "Yaya wannan kuma teburin Firimiya ne?" Na ce masa sakamakon gwajin wani modul ne, kuma ba ni na gwada ba, ba mai modul ɗin ba ne ma, kwamfutocin wasu bayin Allah ne da ba su san shi ba shi ma bai san su ba. Ya ce bai gane ba. Toh bayanin da na yi masa ne zan zubo a nan, don na lura abin yana yawo a bakin 'yan kodin ɗinmu, wannan ya ce sumok testin wancan ya ce si-ai, amma in ka tsare mutum ka ce ya faɗa maka da Hausa sai ya hau kame-kame. Ni dai sunan da na raɗa masa shi ne gwajin gayya.

Modul tukunna, wato guntun kod da wani ya riga ya rubuta don wani aiki guda. Ba wanda yake zama ya rubuta manhaja tun daga tushe shi kaɗai, kamar yadda bakanike ba ya ƙera fulogi da kansa, Ƙofar Ruwa yake aikawa a sayo. Kana son lissafin kwanan wata ka ɗauko modul ɗin wani, kana son fitar da rasidi ka ɗauko na wani, shi ma wancan ɗin a cikinsa ya jingina da wasu uku ko goma. Yawancinsu buɗaɗɗu ne, wato kod ɗin a fili yake, kowa ya karanta ya ɗauka ya gyara ba ko sisi. Kuma jinginar ba ta wasa ba ce, a watan Maris na 2016 wani ya janye modul ɗinsa mai suna left-pad daga npm, rumbun modul ɗin yaren JavaScript, abu layi 11 kacal, amma ranar manyan ayyuka irin su Babel sai da suka ƙi haɗuwa a hannun mutane.

Shi kuma gwaji ba wani tsafi ba ne, ɗan ƙaramin kod ne da yake yi wa modul tambayar da an riga an san amsarta. A ce modul ɗinka aikinsa gyara lambar waya, sai ka rubuta: in na ba ka lamba 11 da ta fara da sifili, ka cire sifilin ka sa +234 a gaba. In ya yi daidai gwajin ya buga "ok 1", in ya kauce ya buga "not ok 1". Haka 'yan Perl, wani yaren rubuta kod, ke rubuta sakamako tun farkon yaren, sunan tsarin TAP, kuma sauƙinsa ne ya sa inji ke iya karantawa ba sai mutum ya zauna yana dubawa ba. Ka rubuta irin waɗannan tambayoyi hamsin ko ɗari, duk sanda ka taɓa kod ɗin ka sake su su bi ta kansa gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi, shikenan ka san ko gyaran da ka yi wa hannu ya karya ƙafa.

Matsalar ita ce duk wannan a kan kwamfutarka yake faruwa. Ni kaina sai da ta ci ni kafin na yarda. Akwai wani Alhaji mai shadda da atamfa a Kantin Kwari da na yi wa ɗan furogiram na rasidi, na gwada a laftof ɗina mai Linux komai sumul, na je na sa masa a tsohuwar kwamfutar shago mai Windows na karɓi kuɗina na tafi. Washegari ko azahar ba a yi ba ya kira ni. Na zo na tarar da rasidi a hannunsa, inda aka rubuta ƙyalle ya fito ?yalle, kuɗin ɗinki ya koma ku?in ?inki, alamar naira ma ta zama alamar tambaya, kamar rasidin ne yake tambayar kwastoma nawa zai biya. Na ce "Ranka ya daɗe Alhaji, wallahi a wajena yana aiki." Ya dube ni ya ce "To Malam a wajenka nake sayar da kayan?" Yaran shago suka kwashe da dariya. Abin da ya faru, wani modul da na jingina da shi yana rubuta fayil da duk tsarin haruffan da ya tarar a kwamfutar, a Linux ɗina UTF-8 ne mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, a Windows ɗin Alhaji kuma tsohon tsarin Yammacin Turai ne da babu su a ciki sam. Mai modul ɗin bai yi ƙarya ba, gwaje-gwajensa duk sun wuce, a kan injinsa.

Wannan "a wajena yana aiki" ɗin ita ce cutar da gwajin gayya ya zo magani. Ka san yadda gayya take a ƙauye, gonar mutum ɗaya amma kowa ya zo da fartanyarsa. Nan ma modul na mutum ɗaya ne, amma kowa ya ba da aron kwamfutarsa, kuma amfanin yana cikin bambancin kwamfutocin, ba yawansu kawai ba.

Cikin waɗanda suka fi daɗewa a harkar akwai 'yan Perl, yaren da Larry Wall ya fitar a 1987. Rumbun modul ɗinsu CPAN ya fara aiki a 1995, wani ɗan Finlan Jarkko Hietaniemi ne ya tsaya a kansa, shi kuma Andreas König na Jamus ya gina PAUSE, ƙofar da marubuta ke ɗora kayansu ta ciki. A 1998 Graham Barr da Chris Nandor suka fara abin da ake kira CPAN Testers. Yadda yake tafiya kuwa, ka ɗora sabon modul ka je ka kwanta, su kuma 'yan sa kai suna da injina a kunne dare da rana suna leƙen rumbun, da sun ga sabon kaya sai su sauke, su sauke duk abin da ya jingina da shi, su haɗa, su saki gwaje-gwajen da kai da kanka ka rubuta ka sa a ciki, sannan su aika rahoto cibiya da cikakken bayani, wane tsarin kwamfuta ne, wane zubin Perl ne, wane layi ne ya faɗi kuma me ya ce da zai faɗi. Ba mutumin da ya danna komai. Kai dai ka tashi da safe ka tarar an gwada maka a tsarin kwamfuta irin su FreeBSD da OpenBSD da Windows da Mac, har da Perl 5.8 na 2002 da kai ko a mafarki ba za ka ajiye shi ba, amma wani banki ko kamfani can yana nan yana lallaɓa shi.

Injinan nan su ake ce wa sumoka, daga kalmar hayaƙi ta Turanci. Masu aikin famfo kan hura hayaƙi cikin bututu su ga ta ina zai ɓullo, masu haɗa kayan lantarki kuma in sun gama sai su jona wuta su ja baya, in hayaƙi bai tashi ba a ci gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyaran caja a Farm Centre ya ga irin wannan jonawar da ɗan ja da bayan.

Hukuncin rahoto kala huɗu ne kuma a nan sababbi ke ruɗewa. PASS an wuce, FAIL an faɗi, waɗannan ba gardama. NA ba faɗuwa ba ce, modul ɗin ne ya ce shi ba da wannan injin yake ba, misali na Windows ne kaɗai aka kai shi Linux, ko yana son Perl sabo aka ba shi tsoho. UNKNOWN kuma ba a ma kai ga jarrabawar ba, ko dai ba gwaji a ciki ko haɗawar ce ta tsaya a hanya. Teburin da ƙanina ya gani shi ne inda aka jera su, zubin Perl ta gefe guda tsarin kwamfuta ta ɗaya gefen, kuma karanta shi ma gwaninta ce. In ja ya bi layi ɗaya daga sama har ƙasa a ƙarƙashin Windows, ka san hanyar fayil ce ko haruffa irin nawa na Kwari. In ja ya kwanta a tsofaffin zubi kawai, ka yi amfani da wani sabon salo ne da su ba su san shi ba. In kuwa jiya kore ne fes yau ya yi ja ko'ina alhali ba ka taɓa komai ba, to wani da ka jingina da shi ne ya motsa, je ka nemo shi. Ni kafin in ɗauki modul yanzu sai na leƙa teburin nan, kamar yadda ba ka sayen shadda sai ka fito da ita haske.

Sai ƙanin nawa ya ce to ai GitHub Actions ma haka yake yi. Eh da a'a. Shi si-ai, wato gwajin atomatik irin na GitHub Actions ɗin ko Jenkins, kai ne kake tsara shi, duk sanda ka tura gyara ya tashi ya gwada, yana da kyau sosai kuma kowa ya kamata ya sa, amma injinan da GitHub ke bayarwa tsaf-tsaf suke, Ubuntu da Windows da Mac sababbi fil a ɗakin sanyi, kuma abin da ka zaɓa kawai za a gwada, wato abin da ka riga ka yi tunaninsa. Gayya kuwa tana kawo maka injin da bai taɓa faɗo maka a rai ba, mai agogon wata ƙasa, mai ƙaramin memori, mai saitin da mai shi ne kaɗai ya san dalilinsa. Wasu ma sun ɗauki salon ta nasu ɓangaren, yaren Python na da injinan gwaji na buildbot da mutane ke ba da aro, Debian, wani nau'in Linux, na hana kunshin manhaja wucewa gaba in ya karya gwajin na kusa da shi, 'yan yaren Rust kuma suna da Crater da ke bin modul ɗin rumbunsu kaf da sabon kwamfaila, wato mai juya kod zuwa harshen inji, don a ga wa zai karye kafin a saki.

Amma fa kar kore ya ruɗe ka. Gwaji tambayar da aka rubuta kaɗai yake amsawa, in marubuci bai taɓa tunanin akwai harafi mai ƙugiya a duniya ba, inji dubu za su ba shi PASS kuma rasidin Alhaji ya fito da alamar tambaya. Ja ma wani lokacin sharri ne, faifan mai gwajin ne ya cika ko intanet ɗinsa ya yanke, marubuci ya kwana yana neman laifin da ba nasa ba. Mugunta kuwa ba ta wannan hanyar ake kama ta ba, a Maris 2024 da aka gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a xz, wata manhajar matse fayil, cikin fayilolin gwajin ma aka ɓoye ta, kuma wanda ya bankaɗo ta, Andres Freund, jinkirin kusan rabin daƙiƙa ya lura da shi wajen shiga kwamfuta daga nesa ta ssh ya ƙi haƙura sai da ya bi diddigi.

Abin da ke ci min rai shi ne a gayyar nan ban cika ganin fartanyarmu ba. Wa zai gwada ƙ da ɗ da alamar naira da agogon Legas in ba mu ba? Na san uzurin, injin da zai kwana a kunne yana son wuta tsayayya, yana shan data kamar rijiya, ga zafin Afrilu da fankar laftof ke kuka kamar za ta tashi sama, sannan kod ɗin baƙi kake saukewa kana kunnawa, dole ka killace shi a inji na daban ko kwamfutar cikin kwamfuta, ba a wadda kake shiga banki da ita ba. Amma akwai ƙaramar ƙofa, in ka sa kayan aika rahoto irin su cpanm-reporter ko CPAN::Reporter, modul ɗin da dama za ka sauke don aikinka shi za a aika rahotonsa, ba ƙarin datar kirki. Wanda ma ba Perl yake yi ba zai iya rubuta gwaji guda mai kalmar ƙyalle a ciki ya tura wa masu modul ɗin da yake amfani da shi, in suka karɓa duk injin da zai sake gwada shi sai ya bi ta kan ƙ ɗin nan.

Ƙanin nawa dai ya shige ɗaki ya zaro tsohuwar laftof ɗin da batirinta ya mutu tun bara, wai zai jona ta da solar maƙwabcinmu ta zama sumoka. Na ce ya fara zuwa ya roƙi maƙwabcin tukunna, kuma ya cire hotunan bikin Yaya Babba daga ciki kafin ya goge faifan.