Kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗaliban jami'a a Legas

Kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai a Legas ya ƙunshi duk taimakon da ake bai wa masu karatun gaba da sakandare idan sun faɗa ciwon damuwa, ko fargaba, ko shaye-shaye, ko taɓin hankali. Wannan aiki ya rataya ne a wuyan sassan ba da shawara na jami'o'i, da asibitocin gwamnati, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, sai kuma masallatai da coci-coci. Manyan makarantun da abin ya shafa su ne Jami'ar Legas da ke Akoka (1962), da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo (1983), da Kwalejin Fasaha ta Yaba (1947).

Tarihi

Maganin ƙwaƙwalwa irin na asibiti ya girmi jami'o'in birnin da shekaru masu yawa. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Yaba, wanda a yau shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya. Tsarewa ce ta fi yawa a wancan zamani, magani kaɗan ne. Dokar da aka kafa a 1916, aka sabunta a 1958, ta ba likita da alƙali ikon tsare mutum ba tare da yardarsa ba, kuma ita aka yi ta aiki da ita fiye da shekara 60 bayan samun 'yancin kai. Tabon wannan zamani bai goge ba. Har gobe idan aka ce a Legas an kai wane “Yaba Left”, ba yabonsa ake yi ba, kuma tsoron wannan suna na hana ɗalibai da dama zuwa asibitin, alhali yana kusa da Akoka.

Sauyi ya fara ne daga Aro, kusa da Abeokuta, inda Dakta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da wani tsari a wajajen 1954: majinyaci ya zauna a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, ana kuma jin ta bakin masu maganin gargajiya. Lambo ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga baya.

Batun ɗalibai kansu ya shiga rubuce-rubucen likitoci a 1960, lokacin da Raymond Prince, likita ɗan Kanada da ya yi aiki a Aro, ya bayyana wata lalura da ya gani a tsakanin ɗaliban kudancin Najeriya, ya kira ta brain fag, wato gajiyar ƙwaƙwalwa. Masu ita kan yi kukan zafi ko nauyi a kai, da jin kamar wani abu na tafiya a cikinsa, da dushewar gani, da kasa riƙe abin da suka karanta, musamman gab da jarrabawa. Masana sun saɓa a kanta: wasu na ganin ciwo ne mai zaman kansa, wasu na cewa damuwa ce da fargaba suke fitowa ta jiki.

Dokoki

Jihar Legas ta yi tata dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tsakanin 2018 da 2019. Ta tarayya kuwa sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya mata hannu, ta maye gurbin ta 1958. Sashe na 327 na kundin laifuka na kudancin ƙasar ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, amma dokar laifuka ta Jihar Legas ta ce kotu ta tura shi asibiti.

Abubuwan da ke jawo matsalar

Kuɗi da masauki ne kan gaba. Gadajen ɗakunan kwana ba sa isar ɗalibai, hayar ɗaki a Akoka da Bariga kuma ta fi ƙarfin talaka, don haka wasu ke shafe sa'o'i a cunkoson motoci kullum. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A 2023 aka cire tallafin man fetur, a shekarar ce kuma Jami'ar Legas ta ninka kuɗin makaranta, har ɗalibai suka yi zanga-zanga aka rage.

Shaye-shaye na tafiya kafaɗa da kafaɗa da waɗannan. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi da hannun Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi miliyan 14.3, kuma shiyyar Kudu maso Yamma ce ta fi yawan kaso. A shekarar gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin.

Wuraren neman taimako

Jami'ar Legas tana da sashen ba da shawara da cibiyar lafiya a harabarta. Lalurar da ta fi ƙarfinsu sai a tura ta asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko Yaba. A LUTH aka kafa shirin SURPIN na rigakafin kisan kai a 2017. Ƙungiyoyin fafutukar lafiyar ƙwaƙwalwa irin su MANI da She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa, sun soma aiki a 2016, kuma sun fi isa ga matasa ta waya da intanet. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya, bisa ƙiyasin da aka fi ambata, ba su kai 300 ba, wasu ma suna barin ƙasar.

Ɗalibai Hausawa

Hausawan Legas sun daɗe a Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12. A gidaje da yawa, idan yaro ya daina barci ko ya shiga surutai, ana fara danganta abin da shafar aljanu ko sammu, a kira malam ya yi ruƙiyya ko a ba shi rubutu ya sha, asibiti sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ga 'ya mace akwai ƙarin tsoron kada maganar ta fita ta hana ta samun miji. Wanda ya zo daga Arewa kuma yakan haɗu da rashin jin Yarabanci da nisan dangi. Irin waɗannan ɗalibai sukan fara kai kukansu ga limamin masallacin jami'a ko abokai a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, kuma wasu limaman kan haɗa addu'a da shawarar a je a ga likita.